Yoyo a Kusurwar Hagu

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara duka. Ya ƙafar taki? In har yanzu tana kumbura ki rage tsayuwar nan ta wuni guda, na san halinki. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kin tambaye ni Baban Yara. Yaya, mutumin ya tashi. Kin dai san tun da injin yankan katako ya cire masa yatsu biyu a hannun dama, wata bakwai ke nan, bai sake leƙa shagon kafintoci ba. Sai ya zauna a falo ya zuba wa bango ido, duk abin da na faɗa amsarsa ɗaya ce, to. Ni da na auri mutumin da in ya fara zance sai dai ki nemi kujera. To yanzu ya sami abin yi, kuma abin ya cinye mini falo.

Akwatin kifi yake haɗawa. Kar ki ɗauka irin ƙaramin nan na ɗakin jiran likita. Wannan da katakon filawud yake yin sa, gabansa kaɗai ne gilashi, kuma in kika kwanta a ciki sai an sami sauran wurin ajiye jakarki. Kifin ma ba na kogi ba, na teku yake so, da ruwan gishiri da murjani. Na ce masa ni a wuyan mata na san murjani, ya ce wannan mai rai ne, yana buɗewa yana rufewa, har fushi yake yi. Na ce to mun zama biyu a gidan.

Kekena na ɗinki ya koma ɗakin kwana, masu kawo ɗinki sai su tsallake katako da ƙusoshi kafin su iso ni. Kwana shida yana shafa wa cikin akwatin wani gam mai kauri kamar zuma wanda zai hana ruwa taɓa katakon, warinsa har cikin ƙwayar ido. Bai yarda kowa ya sa masa hannu ba. Sau uku na ga buroshi ya suɓuce masa, sau uku na yi kamar zare nake nema.

Ina murna, amma hankalina bai kwanta ba. Ruwa da katako ba abokai ba ne, kuma ba falon nake ji ba, shi nake ji. In abin nan ya ƙi, ban san inda zan sake samo shi ba. Ki sa mu a addu'a.

Ki gaishe da kowa da kowa.
Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Na ga wasiƙarki, na ji daɗi da ƙafar ta saɓe. Allah ya ƙara sauƙi.

An zuba ruwa, kuma ya riƙe. Da kin ga fuskarsa ranar! Ya jera duwatsu a ciki, ya kunna injin da ke juya ruwan, ya bar shi makonni yana gwaje-gwaje kafin ya kawo kifi huɗu da murjani guda tara daga wajen mai shagon kifi. In ya kunna fitilar sama sai falon ya koma shuɗi, murjanin nan ya baza yatsu yana rausaya. Bakinsa ya dawo. Har mai kawo mana gas sai da ya sha bayani na rabin awa yana tsaye da tukunya a kafaɗa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto, kuma ki riƙe shi a cikinki. Ran Talata ina shara na tura tsintsiya bayan akwatin, ta fito a jiƙe. Na durƙusa na leƙa. Can ƙasa, a kusurwar hagu ta wajen bango, ruwa na tsattsafowa, ɗigo ɗaya, sai a daɗe, sai wani. Na san kusurwar nan, Yaya. Ita ce wadda ya fi shan wuya a kanta, don sai da hannun dama ake isa gare ta.

Na buɗe baki zan kira shi sai na ji shi a ƙofa yana dariya da maƙwabci, na rufe bakina. Na tura tsumma a wurin. Kullum da safe in ya tafi kai yara makaranta sai na zaro tsumman na matse, na sa busasshe, sannan na cika akwatin zuwa layin da ya zana da fensir. Ruwan da ba gishiri nake zubawa, don shi da kansa ya koya mini cewa in ruwan ya ragu iska ce ta shanye shi, gishirin yana nan, saboda haka zalla ake ƙarawa. Kin ga ba abin da na ɓata.

Sai dai na kasa zama wuri ɗaya. Jiya na ɗinke hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinkewa a baibai. Ina cikin taka keke sai na miƙe na je na taɓa tsumma. In ya sunkuya kusa da kusurwar, sai na ƙirƙiro masa aike. Na san abin da za ki ce, kar ki faɗa. Ɗigo ne kawai, wataƙila katakon ya kumbura ya toshe kansa.

Ki shafa mini kan yara.
Taki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, amsarki ta iso tuni, kunyar karanta ta sau biyu ce ta hana ni rubutu. Kin yi gaskiya, ni ce ban ji ba.

Mako na uku murjanin ya fara fushin da aka ba ni labari. Ya ƙanƙame, launinsa ya koɗe. Baban Yara ya ɗauko ma'aunin gishiri ya gwada, ya ga gishirin ya yi ƙasa. Ya ƙara. Bayan kwana huɗu ya sake sauka. Ya zargi ma'aunin ya sayo wani, shi ma haka. Ya koma wajen mai shagon kifi, mutumin ya yi masa dariya a gaban jama'a, wai gishiri ba shi da ƙafa, ya je ya koyi awo tukuna. Ya dawo ya cika takarda da lissafi, ya yaga, ya sake. Murjani uku suka mutu, suka zama fari fat kamar ƙashi.

Duk wannan ina tsaye ina kallo, ina matse tsummana da safe, ban haɗa abin nan biyu a kaina ba. Wallahi ban haɗa ba. Sai ranar da na fito na same shi zaune ya juya wa akwatin baya. Na ce ga abinci, ya ce to. Can ya ce, ba da ni yake ba ma, ashe ba hannun kaɗai ya tafi ba, har da kan.

Na fita bayan gida don kar ya ga hawayena, na kai hannu kan igiyar shanya na ciro tsumman jiya. Ya bushe ƙandas, ya yi fari. Na ɗan lasa. Yaya, gishiri ne. Iska ce ke barin gishiri a baya, yoyo kuwa da shi yake fita. Mako biyar ina matse gishirin bawan Allah a makwarara ina maye masa da ruwa zalla, shi kuma yana zargin hankalinsa.

Ban tsaya tunani ba, don na san in na tsaya ba zan iya ba. Na ajiye masa tsumman a cinya na faɗa masa komai. Ya ja akwatin kayan aikinsa ya kwanta a ƙasa da tocila, ya daɗe yana shafa kusurwar da yatsun da suka rage. Da ya miƙe bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yoyo ai aikin kafinta ne, kwana uku ya ishe ni. Ke ce kika yanke cewa ba zan iya ji ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun ranar da ya rasa yatsun ina jin haushin masu yi masa kallon nakasasshe, ashe babbarsu tana kwana a ɗakinsa.

Yau kwana biyu ke nan. Mun kwashe ruwan, kifin da sauran murjani shida suna cikin bahon wankina da manyan robobi, kowanne da ɗan injinsa yana gurnani, ba wurin taka ƙafa a gidan. Shi yana cikin akwatin tun safe yana goge kusurwar da samfefa, ƙura har gashin ido. Bai koma kallon bango ba, wannan kam na gode wa Allah. Amma maganar aiki kaɗai yake yi mini, miƙo wancan, ɗauke wannan. Ɗazu ya ce katakon ya sha ruwa ya ruɓe faɗin tafin hannu, da an faɗa masa a makon farko da ba sai ya yanke ba. Ya koma kan gugarsa.

Akwatin zai gyaru, yanzu ba na shakka. Ɗaya gyaran, na tsakanina da shi, shi ne ban san kwana nawa zai ɗauka ba, kuma wannan karon aikin a kaina yake. Ki yi mini addu'a, Yaya, ki kuma rubuto da wuri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta