Takabar Radiyya

Kafin Hausa

Yaya Fannami,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da duk mutanen gida na Haɗeja. Na rubuto ne domin in na kira waya kuka ba zai bar ni in gama ba, ni kuwa so nake ka ji duka.

Yaya, a bakin maroƙi na ji mutuwar mijina, ƙaninka. Ranar suna ina ɗaki an zuba min lalle, sai na ji ya rangaɗa cewa yaro ya ci sunan Safiyanu. Na ce da ƙanwata, wa ya taɓa sa wa ɗa sunan ubansa uban yana raye? Ta fashe da kuka. Ashe kowa ya sani, har mai markaɗen unguwa.

Wata biyu kuna ce min babu sabis ɗin waya a Tafkin Chadi inda yake aiki, ni kuwa sakarya ina ta busar masa da kifi. A cikin watannin nan na ci ado, na je bikin Suwaiba a Malam Madori, har rawa na taka. Yanzu malam ya ce takabar mai ciki da haihuwa take ƙarewa. Wato ko kwana ɗaya ban yi masa ba ke nan! Sojan ruwa ya ba da ransa, matarsa tana can tana rawa.

Ka faɗa min ranar da ya rasu, da inda yake kwance.

Ƙanwarka,
Radiyya

Haɗeja

Radiyya,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso. Allah ya raya yaro, ya jiƙan mai sunan.

Ki tuna ciki biyu kika yi ɓari kafin wannan. Manya ne suka zauna suka ga a bari ki sauka lafiya. Kwanton ɓauna aka yi wa jirginsu, nan take ya cika. An yi masa sutura a maƙabartar sojoji ta Maiduguri, ina wurin.

Batun rana kuwa, ki bar shi. Ba abin da zai ƙara miki sai tunanin me kike yi a lokacin. Addu'a yake bukata, ba tone-tone ba.

Wassalam,
Fannami

Kafin Hausa

Yaya,

Sallama. Na ga amsarka, kuma wallahi ta ƙara ƙona min rai.

Tunanin nake so in yi! Nawa ne, ba na manya ba. Kun tsirar min da ɗa, ban raina ba, Allah ya saka. To na sauka ai, yau kwana talatin da biyar, me kuma ake jira?

Ka fi ni sanin ƙaninka. Damina biyu yana karɓar hutu don ya zo ya ɗauki kwale-kwale yana fid da mutane daga ambaliya, tsofaffi, awaki, buhunan shinkafa. Mutumin da bai taɓa barin kowa a ruwa ba, shi ne za a bar matarsa ba ta san ko ranar mutuwarsa ba? Gobe yaron nan ya tambaye ni, in ce masa je ka tambayi manya?

Asabar nake arba'in. Lahadi zan goya shi in hau mota. Na ji ana rubuta suna da rana a kan kabarin soja. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya ina karantawa, kuma ba izini nake nema ba.

A gaida Inna.
Radiyya

Haɗeja

Radiyya,

Sallama. Laraba ce, tara ga watan Rajab, da hantsi. Layi na uku, kabari na sha ɗaya.

Ba manya ba ne, ni ne na ce a ɓoye miki. Inna ma sai da ta yi fushi da ni. Ki yafe min in za ki iya.

Kada ki je tasha. Zan zo da mota Lahadi da safe. Tun da na zuba masa ƙasa ban iya komawa ba.

Yayanki,
Fannami