'Ya'yan Hoto a Butar Shayi

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Mun sauka Istanbul lafiya. Tun a filin jirgi aka fara. Nazeer ya sa an turo mini keken marasa lafiya, na ɗaga sandata na nuna wa mai turawar hanya. Da ƙafata na fito, ta dama tana jan ƙasa, mu ne na ƙarshe. Su jira. Ɗana ne, ba likitana ba.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da ɓarin jikina ya shanye. Hannu ya ɗan dawo, ƙafa ma da sauƙi, harshe ne ya ƙi. Ni Auwalu, da na tsufa a gaban allo ina koyarwa ba lasifika, yanzu sai an ce mini "na'am?" sau uku kafin a gane ruwa nake nema. Ranar da 'yan majalisarmu ta hira suka zo dubiya na buɗe baki, duk suka sunkuyar da kai, har Ɗantani da muka tashi tare. Sannu, sannu, sannu. Tun ranar na yanke wa raina: ba wanda zai sake jin muryata a unguwarmu Madabo sai harshen nan ya miƙe. Ban rantse ba, amma ban karya ba.

Nazeer ya ce shan iska muka zo. Uwarsa, Hajiya Kande, sari ta zo, ko makaho ya sani. Firdausi autarmu hotuna ta zo ɗauka. Ni sharaɗi ɗaya na kafa kafin na yarda da tafiyar, a kai ni shagon haɗa-hoto. Likitar motsa jiki ce ta fara ba ni shi saboda yatsuna, hoto ne a yanka shi gutsi-gutsi, kai kuma ka mayar da kowane ɗa gurbinsa. Yatsu sun gama cin moriya, ni ban bari ba, har na cika kabad da su. Hajiya tana ce masa darar Malam. Duk na kwali ne nawa. Firdausi ta gano mini a waya wani tsoho a garin nan da yake yanka na katako da hannunsa.

Talata, 8 ga Oktoba

Babban masallaci da safe. Na ɗaga kai ina kallon kubba har wuyana ya yi tsami. Bangon duk tayil ne shuɗi, zane ya shiga zane, ba ka gane inda wani ya tsaya wani ya tashi. Firdausi ta ce, "Baba, ka ga darar taka a bango." Yarinyar nan ta raina ni.

Da la'asar jirgin ruwa. Iska mai sanyi, tsuntsaye suna bin mu saboda burodi. Wani Bature ko Baturke ya taka mini ƙafa, ya ce wani abu, na mayar masa da Hausa ta karkace. Ya yi dariya, na yi. A nan ba wanda ya san yadda nake magana a da. Kowa ya ɗauka haka yarenmu yake. Wallahi na ji daɗi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Kasuwa mai rufi. Hajiya ta shiga tun hantsi, butocin shayi, takalma, filas, mayafai. Na zauna a kan benci ina gadin ledoji kamar ɗan dako.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Yau rana tawa. Shagon yana kan tudu, lungu ne mai duwatsu, mota ba ta shiga. Nazeer ya duba hawan ya ce, "Baba, ka zauna a nan in ɗauko maka hotunansu a waya ka zaɓa." Ban ko kalle shi ba. Na hau. Na huta a ƙofar mai gasa masara, na huta a gindin wani famfo, zufa har cikin takalmi, amma na hau.

Tsohon gajere ne, ga ƙurar katako a gira. Ba Turanci ba Larabci sai na sallama. Ya zazzage mini akwati ɗaya a kan tebur, ya ja da baya ya naɗe hannu, wato mu gani. 'Ya'yan kaurinsu kamar biskit, ba biyu masu kama ɗaya, wani kamar kifi, wani kamar mabuɗi. Ga ƙamshin itace mai daɗi. Na kama gefe na fara da hagu. Da na saka wani da ya ɗauka zan sha wuya, sai ya buga tebur ya kawo shayi. Mun fi awa biyu muna hira, shi da yarensa ni da nawa, har da musu. Bai ce mini na'am ba ko sau ɗaya.

Na sayi uku: jiragen ruwa a mashigi, tayil shuɗi irin na masallaci, da kasuwar kayan yaji. Kowanne da akwatinsa na katako mai murfin zamiya, tsohon ya sa hannu a ciki. Hajiya ta ɗaga ɗaya ta jijjiga, ta ce, "Malam, wannan ai kilo ne." Na ce kilona ne. Ta gane sarai, ba ta ce na'am ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Rigima a kan awo. Jakunkuna sun haura. Hajiya ta baje kaya a tsakar ɗakin otal tana cire kwalaye, sana'arta ce, komai sai ta tuɓe shi ta cusa wani a cikin wani, safa a cikin filas, turare a cikin takalmi. Ta ce tsarabar mutane ba ta raguwa, Madabo kaɗai gida nawa ne, ga Zaitawa, ga dangina na Ɗan Agundi. Na ce nawa uku ne kacal, kar a taɓa. Ta ce to. Na tafi masallaci da Nazeer.

Wannan "to" ɗin bai kwanta mini ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Gida. Zaure ya cika da masu sannu da zuwa, na shige ɗaki na saka sakata. Na ji muryar Ɗantani yana cewa, "Ku ce masa na zo." An ce mini.

Litinin, 14 ga Oktoba

Innalillahi. Bari in rubuta a hankali.

Na ce a kawo mini akwatunana. Firdausi ta dubi uwarta, uwarta ta dubi silin. Ashe ranar Juma'a da na ba da baya, Hajiya ta zazzage 'ya'yan duka ukun, ta ɗura su a cikin butoci da filas da takalma, wai sun cike gurbi kuma sun hana kaya karo da juna. Akwatunan an bar wa masu shara a otal. Hotunan murfin kawai ta ɓanɓaro ta saka a cikin mayafai. Niyyarta, in ji ta, in mun iso ta juye mini su a faranti. To gajiya ta kwashe ta, da safe kuma aka rarraba tsaraba gida-gida kafin ta tuna.

Mun zazzage abin da ya rage a ɗakinta. Ko rabi bai kai ba, jirgi da tayil da barkono duk a gauraye.

Na yi faɗa. Abin takaici, faɗan ma ba ya fita daidai, kalmomin suna harɗewa, sai na ƙare da buga sanda a ƙasa. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam, katako ne dai, ka ce katako ba ya lalacewa." Na ce a je a karɓo. Ta dafe ƙirji: tsarabar da aka riga aka kai? A je a ce wa mutane su buɗe butarsu mun manta abu? Ita kam ba da fuskarta ba. Nazeer ya koma Abuja. Firdausi ta ce kunya za ta kashe ta.

Talata, 15 ga Oktoba

Ban ci tuwonta ba. Shayi da burodi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Firdausi ta shigo tana raɓe-raɓe. Wai Gwaggo 'Yardada ta aiko daga Zaitawa a yi godiya, itacen turaren da aka saka mata a filas yana da ƙamshi, sai dai ba ya daɗewa a wuta.

A wuta!

Ban san lokacin da na saka hula ba. Ƙanwar mahaifina ce, ta haura tamanin, kunne ya tafi. Na same ta a kan tabarma, kasko a gabanta, hayaƙi yana tashi, ga wani ɗa mai siffar kifi ya kama ci. Na fizge shi da yatsu. Sai bayani. Da mai ji ma yaya na ƙare, balle ita. Dole na ɗaga murya, na maimaita, na sake maimaitawa, jikokinta sun yi cirko-cirko, maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Ni ne nan ina ihu a tsakar gidan mutane da karkataccen baki.

Ba ta ce mini sannu ba. Cewa ta yi, "Au, kana da rai? Na ɗauka sai a makara za ka zo gaishe ni." Ta kwance bakin zaninta ta ba ni sauran, ta riƙe biyu wai na ladan ajiya. Da ƙyar na ƙwato.

Wannan ba ya cikin lissafin abin da na yanke wa raina. Zaitawa ba Madabo ba ce.

Asabar, 19 ga Oktoba

Kwana uku ina bin gidaje. Hajiya ce take tuna mini wa aka ba me, tana yi tana kau da kai, har ta fara soya mini ƙwai da safe ba a tambaye ta ba. Wani lokaci ina zargin da gangan ta yi. Sai in tuna yadda ta tuɓe kwalin agogon da ta saya wa kanta, in ce a'a, hali ne.

Gidan Alhaji Salisu yara sun mayar da su kuɗin wasa, sai da na saye su da alawa. Gidan Ummi mai ɗinki an share an zuba a kwandon shara, muka tona ni da ita, tana ba ni haƙuri ina ba ta. An yi mini sannu, an yi. Wata ma har da hawaye, na ce mata ba gaisuwar mutuwa na zo ba, 'ya'yan hotona na zo nema. Ta gane a karo na biyu.

Bakina yana gajiya da yamma, miyau yana zuba ta gefe. Ina tafe da hankici. Wanda ya ga dama ya kalla.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na ware su kala-kala a farantai uku. Na kasuwar yaji ya kusa cika. Na jiragen akwai ramuka a sama, nan Gwaggo ta yi turare. Na tayil kuwa tsakiyarsa gaba ɗaya babu. Babbar buta ɗaya ce ta rage, kuma na san inda take. Gidan Ɗantani, Ƙofar Ɗan Agundi, inda majalisa take zama.

Na aika masa da saƙo a waya. Ya amsa: "Suna nan. Wanda ya ba ni buta ya zo ya tambaya da bakinsa."

To, ya riƙe abinsa. Ba na so.

Laraba, 23 ga Oktoba

Hoto mai rami a tsakiya ba hoto ba ne. Na juya shi ya kalli bango, na sake juyo shi.

Ba mata da yara nake gudu ba, na gane yau. Mutanen majalisar nan su shida nake gudu. Su ne suka san ni ina kayar da kowa a musu.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na je bayan la'asar, don kayana kawai. Duk suna nan a zaure. Na yi sallama, suka amsa, kawuna suka fara sunkuyawa kamar wancan karon. Sai na hango tire a tsakiyar tabarma. 'Ya'yan tayil ɗina! Kwana da kwanaki suna fama, dattawa shida, sun danna wani a gurbin da ba nasa ba har gefensa ya tsage.

Raina ya ɓaci, na manta da komai. Na ce wane mara hankali ne ya yi wannan? Ɗantani ya ce shi ne, kuma daidai yake. Na ce ƙarya ne, dubi zanen, ganye yana hawa ne ba sauka ba. Ya ce, "Me ka ce?" Na maimaita. Ya ce, "Ban ji ba, Auwalu, kuma ba zan yi kamar na ji ba. Sake faɗa." Na sake, da ƙarfi, kalma ɗaya ta maƙale mini, na tsaya ina kokawa da ita. Ba wanda ya ƙarasa mini. Suka jira har ta fito. Da ta fito Malam Ado ya ce ai kuwa Auwalu ya fi ka gaskiya, musu ya ɓarke, aka rabu biyu.

Ɗantani ya raka ni bakin titi. Ya ce ranar dubiya ba tausayina ne ya sa ya sunkuya ba, kuka ne ya zo masa, ya ji kunya in gani. Na kama hannunsa na riƙe.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na sa an kai farantan uku zauren Ɗantani. Hasken can ya fi na ɗakina, shi ke nan dalili. Kuma in na bar su da tiren nan su kaɗai za su ƙarasa fasa mini kaya.

Likita ta ce harshen ƙila iyakarsa ke nan. Ta faɗa tun bara, yau na rubuta.

Hajiya ta tambaye ni ko a ajiye mini tuwo. Na ce ta ajiye, amma kar ta jira ni, a can zan yi magariba. Jiya Ado ya kawo wata magana a kan tarihin ganuwa, duk kuskure, kuma ban gama ba shi amsa ba.