Na Faɗi Kalmar Sirrina A Gaban Shaidu Uku

Malama Khairiyya,

Don Allah ki taimake ni, na ɗebo ruwan dafa kaina. Dillalin shanu ne ni a karar Maigatari, shekara talatin ke nan. Masu saye daga Kudu yanzu sai sun ga hoton sa kafin su taso, shi ya sa na je Gumel sayen kwamfutar tafi-da-gidanka.

Mai shago ya jero mini guda biyar. Na ɗaga kowacce, na ƙwanƙwasa haƙarƙarinta, na tambayi shekarunta. Ya yi ta tura mini wata siririya, na ce ban taɓa sayen ramammiyar dabba ba, ba kuwa a kansa zan fara ba. Na ɗauki wadda ta fi nauyi. Malama, in na kunna ta gurnani take kamar injin markaɗe, batirinta kuma ba ya kai ni ƙarshen kofin shayi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai shagon ya buɗe mini rumbun ajiya a intanet, ya ce in zaɓi kalmar sirri. To mu a kara ba a ƙulla magana ba shaidu. Na kira aminina Ubale da Ilu mai shayi da Habibullah direba, na faɗi kalmar da ƙarfi sau uku, muka shafa fatiha.

Yanzu rumbun ya zama na gayya. Ubale ya zuba hotunan tantabarunsa, Ilu bidiyon dambe, Habibullah kuwa hoton motarsa ta gaba da ta baya da ta gefe. Alhamis ɗin da ta wuce zan nuna wa wani baƙo bajimin sa, sai ga tantabara tana kallonmu. Wani ya goge shanuna don ya samu wuri, kuma duk sun rantse ba su ba ne.

Abin da ya tsinka mini zuciya, a rumbun nan muryar mahaifina take, yana sa mini albarka wata biyu kafin rasuwarsa. Wayar da na naɗa da ita ta faɗa rijiya a Ɗanzomo, babu muryar a ko'ina sai nan. Ina tsoro ƙwarai. Amma in na canza kalmar, ai na ce wa Ubale ban yarda da shi ba ke nan, mutumin da ya riƙe mini makarar mahaifina. Yaya zan yi?

Dillali mai tantabarun wani, Maigatari

Alhaji Dillali,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma da na iso kan muryar Baba sai dariyar ta tsaya.

Kafin ka gama karanta amsar nan, ka kwafi muryar a filash da wayarka, ka tura wa wani ɗan'uwanka ya ajiye. Sannan ka leƙa kwandon sharar rumbun, wataƙila shanunka suna can ba su ƙarasa gogewa ba.

Kwamfuta ba a sayenta da ƙiba. Aikinka hoto ne da saƙo, don haka ka nemi marar nauyi, mai batirin da zai yi yinin kasuwa, ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, kada ya gaza giga takwas. Waccan ka bar ta a gida, za ta yi tokaren ƙofa.

Al'adarku ta shaidu ba ta da laifi, ita ke hana musu a ciniki, kuma ban ce mutanenka macuta ne ba. Ka ba su mabuɗi ne suka shiga. Sai dai kalmar sirri ba ciniki ba ce. Ka sauya ta da doguwa, ban da sunan sa ko na ɗa. Ka sa a fitar da duk wayoyin da ke cikin rumbun, ka kunna tsarin da ke turo lamba wayarka duk lokacin da za a shiga.

In ba za ka iya ba shaidu ba, tara su, su shaida ka canza, ba tare da sun ji me ka sa ba. Ka raka kowa ya buɗe nasa rumbun. Shi kuwa Ubale, kira shi gefe ka kunna masa muryar, ka gaya masa tsoronka. Ina kyautata zaton zai riga ka cewa a kulle. Ko ya yi fushi, kwana biyu ne ya huce.

Ka riga ka rasa mahaifinka sau ɗaya, Alhaji, kada kunya ta sa ka rasa shi sau biyu. Allah ya jiƙansa, ya ba ka kasuwa mai albarka.

Khairiyya