Kafin Ƙanƙara Ta Maido Ubanku

Ni Yangdi, matar marigayi Ongchhu, da hankalina garau nake rubuta wannan. Ƙirjina ne kawai ya gaza. Chhuldim, Futi, kun yi ƙanana, kakarku za ta adana muku wannan wasiyya har ku iya karatu.

Na ɗaya. Gonar dankali da shanun yak naku ne tare, kada a raba. Futi, ɗauki littattafan soyayyata. A cikinsu miji yakan dawo a shafin ƙarshe. Ni ma har yau, idan dusar ƙanƙara ta zame daga rufin gida, sai in ɗora shayi mai man shanu, wai ko ubanku ne yake kakkaɓe takalmi.

Na biyu. Kada ku sayar da kamfanin kwashe shara da ya kafa. Duk bazara yakan hau babban dutse da mutanensa, su sauko da buhunan gwangwani, da yagaggun tantuna, da tukwanen iskar numfashi da masu hawan dutse suka yar. Yakan tsokane ni, wai ni ce uwargidan sarkin bola.

Yanzu ƙanƙarar dutsen tana narkewa, tana amayo abin da ta haɗiye, har da mutane. Wata rana za ta amayo ubanku da ta haɗiye a tsakiyar sharar. Ina so masu ɗaukarsa su zama namu, waɗanda za su gane hannun hagunsa mai yatsa uku, su kawo shi gida lama, malamin addininmu, ya yi masa karatu.

Na uku. Ku shirya da baffanku Rinji. Ana gobe ubanku zai faɗa ramin ƙanƙara, Rinji ya gaji da dakon buhuna, ya cinna wa shara wuta a sansani. Kowa ya san Uwar Dutse, abar bautarmu, ba ta son wannan hayaƙi. Kakarku ta ce shi ya jawo, ta hana shi shiga gida. Bara na tarar da shi a bayan katanga, ya ce, "Matar yaya, duk shekara ramin yana gangarowa kaɗan. Ina biye da shi." Shi kaɗai ya san wurin.

Uwar Dutse ta sassauta muku, ta tsare sawunku. Ku zauna a murhu ɗaya, ku da kakarku da Rinji. Ranar da za a sauko da ubanku, kada ya tarar da gidansa a rabe.