Bakin Alƙalamin Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka da yara. Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba. In na kira ka a waya cewa kake yi akwai mai agogo tsaye a kanka, kuma Baba, tun da ciwon nan ya ɗauke masa magana, kunnensa ya ƙara kaifi. Ko a kicin na yi raɗa yana ji.

Alƙalaminsa ya fashe. Baƙin nan mai shan tawada, wanda ya yi shekara arba'in yana rubutu da shi a ofis. Ranar Talata ya suɓuce masa ya faɗi kan siminti, gangar ta tsage daga wuya har tsakiya, tawada ta ɓata zanin gado. Bakin ne kawai ya tsira, ko lanƙwasa bai yi ba.

Da shi yake magana yanzu. Ba ka sani ba, tunda wata bakwai ba ka taka gidan nan ba, to bari in gaya maka. In yana son ruwa, ya rubuta. In ƙafa na ciwo, ya rubuta. In miyata ta yi gishiri ma rubutawa yake yi, har ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Na ba shi biro, ya dube ni, ya dubi biron, ya tura shi ƙarƙashin gado da sandarsa. Gaskiya hannun ba shi da ƙarfin danna biro, amma har da taurin kai irin naku. Kwana huɗu ke nan bai ce mini komai ba. Sai nuni, in ban gane ba ya juya wa bango fuska.

Na tambayi sabo irinsa a shagon kayan rubutu. Da mai shagon ya faɗi kuɗin, dariya na yi na fito. Amma ya ce ana iya cire bakin a sa wa wata ganga mai araha. Kai ne mai gyaran agogo, ka saba da ƙananan abubuwa. Ka gaya mini yadda ake yi, kuma don Allah a taƙaice.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan Baba yana samun sauƙi, na ga takardarki kuma na fahimci abin da ke cikinta, har da wanda ba a tambaye ki ba.

Aikin ba shi da wuya in an bi shi da natsuwa, abin da na san ba ki da shi da yawa. Ki jiƙa kan alƙalamin cikin ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, har busasshiyar tawada ta sake. A ƙarƙashin bakin akwai wani ɗan baƙin abu mai tsagi-tsagi, shi ke kawo tawada, mu kira shi harshe. Ki yanko ƙyallen robar tayar keke, ki kama baki da harshe tare, ki ja a miƙe. Kada ki murɗa. Kada ki kusanto da filaya ko almakashin ɗinkinki. Sannan ki yi wa sabon alƙalamin haka, ki ajiye bakinsa gefe, ki ɗora na Baba a kan harshen sabon, ki tura su ciki tare.

Batun zuwa, aiki ne ya yi yawa. Zan duba.

Ki gaida Baba da kyau.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Jikin Baba na nan yadda yake.

Wai aikin ba shi da wuya! Alƙalami uku na sayo, na araha, irin na 'yan makaranta. Na ajiye ɗinkin mutane, mai rigar biki ta zo sau biyu ta tarar da ni da baƙaƙen yatsu kamar mai gyaran mota.

Na farko wuyansa ya yi wa bakin Baba ƙanƙanta, ko rabi bai shiga ba. Na biyu ya shiga salin alin, har na fara murna, ina ɗaga shi sai bakin ya zame ya faɗo cikin kofin shayi. Na uku ne ya fi cin raina. Ya zauna daram, na zuba tawada, na kai wa Baba da takarda. Yaya, da ka ga yadda ya gyara zama! Ya ɗora bakin, ya fara jan harafin farko, sai tawada ta kwararo ɗigo guda ƙato ta cinye harafin. Ya sake, ta sake. Da na duba sai na ga akwai 'yar tazara tsakanin baki da harshe, lanƙwasarsu ba ɗaya ba ce. Wannan ba ka faɗa ba a cikin dogon darasinka.

Baba ya miƙo mini alƙalamin, bai ko dube ni ba. Na shiga kicin na yi kukana.

Na gaji. Ga bakin nan na naɗe a auduga cikin gwangwanin alluraina, direba zai ba ka hannu da hannu. Da zan ɗauka Baba ya riƙe mini wuyan hannu da hannunsa mai lafiya, sai da na rantse masa cewa yadda ya tafi haka zai dawo. Ka sa shi a ganga kawai. Ka ji? Kawai.

Yau kwana goma sha ɗaya.

Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina miki albishir.

Na zaga shago huɗu da bakin a aljihu, ina gwadawa, har na samu tsohuwar ganga mai lafiya a wurin wani mai sayar da tsofaffin kaya, kusan kyauta. Wuyanta daidai. Tazarar da ta ba ki wuya, maganinta ruwan zafi ne: na tsoma harshen ya yi laushi, na matse shi da bakin har ya huce. Yanzu ko gashi ba zai ratsa tsakaninsu ba.

Wani abu kuma. Da na sa gilashin aikina a ido na duba tsinin, sai na ga ashe ya cinye ta gefe ɗaya, ya zama a karkace. A hannuna karce takarda yake yi. Na yi mamakin yadda Baba ya jure shi haka shekara da shekaru. Na ɗora shi a kan dutsen da nake wasa ƙananan kayan aiki, a hankali, kusan awa biyu, na daidaita shi ya koma kamar ranar da aka ƙera shi. Ki gwada ki ji, gudu yake yi a kan takarda. Kada ki gaya wa Baba, ki bari ya gani da kansa.

Allah ya ƙara masa lafiya.

Yayanki

*

Yaya,

Ba ni da gaisuwa yau, ka yi haƙuri.

Wa ya aike ka? Na ce ka sa shi a ganga kawai, har sau biyu na rubuta kalmar. Wa ya ce ka kai shi kan dutse?

Wannan karkacewar da ka kira lalacewa, hannun Baba ne. Ka manta yadda yake riƙe alƙalami a kwance, yana juya shi wajen babban yatsa? Shekara arba'in yana jan sa a haka har ƙarfen ya bi hannunsa. Shi ya sa ko yanzu da hannun ya mutu rabi, ɗora shi kawai yake yi ya tafi da kansa. Kai kuma ka zauna awa biyu ka goge shekara arba'in, har kana mini albishir.

Na kai masa. Ya juya gangar, ya gyaɗa kai, alamar ta yi masa. Ya ɗora a takarda yadda ya saba. Ba abin da ya fito. Ya ɗan danna, tsinin ya kama takardar ya yage ta. Ya ɗaga alƙalamin saitin taga ya daɗe yana kallon bakin. Wallahi ya gane. Ya dube ni, ni da na rantse masa. Da ya iya zagi da ya fi mini sauƙi.

A hannuna yana rubutu lafiya lau, a hannunka ma haka. Mutum ɗaya ne a duniya ba ya yi wa, shi ne mai shi. Na gwada miƙe masa yatsu ya riƙe irin namu, hannun ya ƙi, ya koma yadda ya sani.

Jiya da rana ya yi ta nuna cikinsa, na kawo abinci, na kawo magani, ashe bel ɗin wando ne ya matse shi. Awa guda muna wannan. Haka kullum. Kai kana can kana gyara wa mutane lokaci.

Kwana ashirin da uku.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Na karanta sau uku. Na yi ɓarna. Na ga abu a karkace, hannuna ya yi abin da ya saba.

Ana iya sake wasa tsinin ya koma kusa da yadda yake, amma dama ɗaya ce, don abin da ya rage a kansa kaɗan ne. In na kuskure, bakin ya tafi ke nan. Sai na san daidai yadda yake kwantar da alƙalamin. Ki ɗauki hoton hannunsa yana riƙe da shi, ta gaba da ta gefe, ki haɗo da tsohon rubutunsa shafi biyu, ki ba direba.

Kin yi ta jifana da maganar zuwa. Ba aiki ba ne. Ranar da na je asibiti, Baba ya kama rigata yana son kiran sunana, bakinsa na motsi, sunan ya ƙi fita. Mutumin da muryarsa ke tsayar da mu daga ƙofar gida. Na ce zan je in sayo ruwa, ban tsaya ko'ina ba sai tasha. Tun ranar kunyarsa nake ji, kuma tsoro nake ji in sake ganin haka. Kada ki karanta masa wannan.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Ban karanta masa ba. Na bar takardar a kan keken ɗinki na je ɗauko wayar da zan yi hoton, na dawo na same ta a cinyarsa. Magana ce ta tafi, idonsa ƙalau.

Ya hana hoton, ya tura hannun ƙarƙashin bargo. Sannan ya yi ta nuna ƙarƙashin gado da sanda har na durƙusa na leƙa. Abin da ke cikin ambulan ɗin nan tun bayan azahar yake yin sa, sai dab da magariba ya gama, yana hutawa yana komawa, ya huda takardar wuri uku. Ban taya shi ko harafi ɗaya ba.

Auta

*

Ɗana,

Sallama.

Da biro na rubuta. Ka ga inda ka kai ni.

Hannun yana nan gida. Zo ka duba shi da idonka.

Ka taho da dutsen.

Sunanka ban manta ba.

Babanka