Zogalena da aku ta tone

Rufaida,

Mijinki ne ya kashe mini zogale, ba aku ba. Shi yake zama bakin taga yana cin gyaɗa, yana zuba ɓawon a tukunyar shukata. Tsuntsuwa ta ga abinci, ba dole ta tona ba? Ita tono halinta ne, shi kuwa da hankalinsa.

Ke dai Allah ya yi miki albarka. Kwalin nan da kika cika da yagaggun takardu kika ɓoye mata gyaɗa a ciki ya yi aiki. Da safe na buɗe mata keji, can ta faɗa tana ta bankaɗa, ko kallon yakuwar da ta rage mini a ɗaya tukunyar ba ta yi ba. Kin cece ni, 'yata, daga Maraɗi na ɗauko irinta, ba a nan Bronx ta Amurka zan samu wani ba.

Na tafi asibiti gwajin jini, ban so in tashe ki. Na ji mijin naki yana cewa zai bayar da tsuntsuwar. Kada ki bari ta bar gidan nan. Ya jira ni in dawo, shi zai amsa mini wannan ɓarnar da bakinsa.

Inna