Ƙullin Kayan Iya da Tsohuwar Dodanniya

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikinka, yaya zafin Bur Sudan da aikin tashar jiragen ruwa? Mu nan lafiya lau, riɗi ya yi kyau bana, sai dai akwai magana.

Iya ta ɗaure kayanta. Ta ce ran kasuwar Suki za ta hau lori ta koma wurin ƙanenka Abdussalami a Abu Hujar. Kada ka fara zargina, ba ni na ɓata wa mahaifiyarka rai ba. Kukanta a kan Muhsina ne. Ka san 'yarka, Larabci ya cinye mata baki, da ta gaida Iya da Hausa sai ta sunkuyar da kai ta gudu. Iya ta ce ita a duniya ba ta taɓa ganin jikar da ba ta tsokanar kakarta ba, wai baƙuwa muka haifa mata. Wallahi raina ya ɓaci, in ta tafi gidan nan zai yi mini faɗi.

Saƙonka ya iso. Ganyen shayi na roƙa, ka aiko wa Muhsina littafin ƙarya. Ga ta can ƙarƙashin dalbejiya tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai, wanke-wanke yana jirana. Sannu da ƙoƙari.

Ka huta lafiya. Matarka,
Sabuwa

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan aikinka. Na janye abin da na faɗa a kan littafin nan, ka ji daɗinka.

Dariyar Muhsina ce ta ishi Iya. Muna shan kofinmu na jabana bayan la'asar ta ce lallai a gaya mata abin da ake wa dariya, ko ita ce. Na ce ni idona ba ya ganin ƙananan rubutu, na tsame hannuna. Dole yarinya ta zauna ta fara bayani da Hausarta mai ɗingishi.

Ashe labarin wata daktora ce, masaniyar kimiyya, da ta hau duwatsu tana nazarin dodanni masu fukafukai masu aman wuta. Ta leƙa bakin wani don ta auna haƙoransa, ya yi atishawa ya ƙone mata gira, ita kuwa murna take yi wai ta gano dodanni na yin mura. Wata dodanniya ta gudu ta bar ƙwanta, daktora ta kwanta a kai kamar kaza. Iya ta yi dariya har kofi ya zube mata a zane. Tun daga ranar kullum sai an karanta. Inda kalma ta ɓace wa Muhsina, Iya ta jefa mata ita haɗe da zagi. Ni ma na daina yin kamar ba na saurare.

Amma ƙullin kaya yana nan bakin ƙofa.

Jiya, ran kasuwa, lori ya tsaya yana oda. Muhsina ta biyo Iya da littafi a hannu, ta ce saura labari guda. Wai akwai wata tsohuwar dodanniya, ba haƙori ko ɗaya, wutarta ta mutu sai hayaƙi, kullum tana faɗa tana cewa za ta bar dutsen, amma ba ta zuwa ko'ina. Sai ta dubi Iya ido cikin ido, ta ce da Hausa tsaf, ita kam ta san wannan dodanniya, a ɗakinta ma take kwana, har da minsharin.

Maigida, da ka ga Iya! Ta wurgar da ƙullin, ta ɗauki muciya ta bi yarinya da gudu zagayen tsakar gida, tana kiranta mai ƙafar sauro, tana dariya hawaye na zuba. Ni na fita na sallami mai lori, na dawo na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ka gaya wa Abdussalami kada ya jira kowa. Iya ta ce in akwai na biyun littafin ka aiko, shayin ka bar shi.

Muna gaishe ka duka, dodanniya ma tana sa maka albarka.

Matarka,
Sabuwa